Agogon Kawu Yana Gudu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da uba, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da yara. Yaya ƙafar taka? Ni lafiya lau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta tafi. Yaya tana gaishe ku, tana riƙe da ni da kyau a gidanta, jaririnta ya fara haƙori yana cizon kowa. In ka ga Innarmu ka ce mata ina cin abinci, ta daina aiko tambaya.

Direba ya kawo agogonka a cikin safa, da takardarka. Na karanta a hankali don rubutunka gudu yake. Abin da na gane shi ne tela yana yawo yana cewa ranar jarrabawa kai mai gadi ka rufe ƙofar makaranta takwas ba ta yi ba, da gangan, don 'yarsa ta rasa, wai saboda rigar nan da ya ɓata maka. Kai kuma ka ce takwas ta cika cif a hannunka. Kuma kwamitin makaranta za su zauna a kai, shi ya sa kake so a auna agogon. Kawu, ni na san ka. Ba za ka yi wa yarinya haka a kan riga ba, ko da rigar ta fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya, kamar yadda ta fito.

Sai dai abokinka Mai Agogo ba ya nan, ya tafi a yi masa aikin ido. Dogo ne a shago, babban ma'aikacinsa, mutum ne mai magana yana tafiya, rabinta a shago rabinta a titi.

Tunda kai ka samo mini wurin nan, bari in ba ka labarinsa. Ɗaki ne siriri kamar lungu, tebur uku, kowanne da fitila mai lanƙwasa wuya. Ba a shara da tsintsiya sai da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a atishawa a kan tebur. Ranar farko na yi, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gishiri ya tashi, muka yini a durƙushe muna nema. Agogunan nan duk ba batir, sai an wana su da hannu irin naka, kuma in aka yi shiru sai ka ji kamar kana cikin akurkin 'yan tsaki. A bango akwai wani babba, suna ce masa Alƙali, kullum ana gwada shi da ƙarar lokaci ta rediyo, shi ke yanke wa sauran hukunci. Akwai kuma wata na'ura a lulluɓe da ƙyalle, wai sauraren agogo take, ba mai taɓa ta sai Mai Agogo.

Aikina tire ne mai agogo goma sha biyu da aka gama gyarawa. Dogo ya ce kowace safiya in wana su, in duba su da Alƙali, in rubuta a katin kowanne, sannan in canza musu kwanciya, yau rigingine, gobe rub da ciki, jibi a gefe. Na tambaye shi don me, ya ce agogo ma kamar mijin Yaya yake, akwai kwanciyar da yake minshari. Ban san inda ya san mijin Yaya yana minshari ba, amma yana yi. Na sa naka a cikinsu. Har na ƙware da jan ɗan abin murzawan nan na gefe, ni kunne nake ce masa, babban yatsana ya yi kanta.

To Kawu ka kwantar da hankalinka. Mako guda ke nan, kowace safiya in na gama da shi, agogonka da Alƙali bakinsu ɗaya, ko sakan babu a tsakani. Da hannuna na rubuta daidai a katinsa.

Taka,
Mai Musu, kamar yadda kake ce mini

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo, muna lafiya. Don Allah kada ka nuna wa kowa waccan takardar. Ka karanta wannan tukuna.

Mai Agogo ya dawo jiya da auduga a ido ɗaya. Ya ɗauki katunan da ɗaya idon, ya ga daidai, daidai, daidai, har ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce: "Shekara arba'in ina sana'ar nan ban taɓa ganin agogo biyu sun kwana baki ɗaya ba. Ke daga zuwanki kin sasanta sha uku."

Ni na ɗauka yabo ne, har na ce na gode. Ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na ɗauki ɗaya, na wana, na dubi Alƙali, na ga ya ɗan yi gaba, na ja kunnen na mayar da shi, na rubuta daidai. Dogo sai da ya riƙe tebur don dariya.

Ashe Kawu ba gyara aka sa ni ba. Barin agogon ake yi ya yi laifinsa, sannan a rubuta laifin. Daga jiya da safe zuwa yau sakan nawa ya ƙara, ko nawa ya rage, kuma a wace kwanciya. Wanda bai wuce 'yan sakanni ba a rana, kuma bai canza hali sosai in an juya shi ba, sai a ba mai shi. Wanda ya wuce ya koma tebur. Ni kuwa kowace safiya ina share musu sawu. Mako guda na mutane ya tafi a banza, masu agogo suna ta zuwa ana ba su haƙuri.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage, amma ban yi shiru ba. Na ce ni a gidanmu in ka ga abu a karkace ka wuce shi, Innarmu sai ta tambaye ka ko idonka ado ne. Dogo ya ce gara a mayar da ni inda na fito tun ban sasanta Alƙali da rediyo ba. Na ce ba inda za ni. Shi ya ce mini duba, bai ce mini kada ki taɓa ba, kuma ya faɗa ne ƙafarsa ɗaya tana waje. In kora ce a kore mu tare, ni in riƙe masa jaka. Mai Agogo ya juya baya yana gyara audugarsa, ya ce a sake daga farko, kuma in ya ga yatsana ya ja kunne zai ɗaure shi da zare.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. A cikin sha ukun nan, naka ne ya fi ba ni aiki. Sauran ɗan kaɗan nake mayarwa. Naka kullum sai na same shi ya yi nisa. Na zaci haka tsofaffin agogo suke. Yanzu mun ajiye shi, ba mai jan kunnensa. Ka jira ni.

Taka,
Mai Musu

*

Zuwa ga 'yata Mai Musu,

Bayan sallama da gaisuwa, muna nan ƙalau, ƙafa da sauƙi, Gwaggonki tana sa miki albarka, ta ba da sabulu a kawo miki. Motar direba ta lalace a hanya, an ce tana gareji, don haka na ba malamin lissafi wannan, zai zo wajenku ganin likita.

Takardarki guda ɗaya da na samu ta wanke mini zuciya. Kwamiti sun zauna. Na miƙe a gabansu, na sa tabarau, na karanta musu inda kika ce agogona da Alƙali bakinsu ɗaya, ko sakan babu a tsakani. Na sake karantawa don na baya su ji. Da kin ga fuskar tela. Shi da yake rantsuwa takwas saura minti biyar ne, da wani agogonsa na roba da ake sayarwa a faranti.

Shugaban kwamiti ya ce magana ta yi kyau, amma rubutun yarinya bai isa ba, a kawo takarda daga shago mai hatimi da sa hannun mai shago. Sun ɗaga zama sai ta zo. Ki faɗa wa abokina ya rubuta, layi biyu ya isa: an auna agogon mai gadi, daidai yake.

Na je na gaya wa Innarki cewa 'yar da take tsoron bari ta tafi, yau ita ta fitar da ni kunya. Ta yi ta share ido. Ki ci gaba da natsuwa, ki rage baki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Na gode wa Gwaggo da sabulu. Jaririn Yaya ya yi zazzaɓi amma ya warware.

Malamin lissafi ya ba ni takardarka a bakin shago, na karanta a tsaye, sai da na zauna a dakali. Wato tawa ta biyu tana aljihun direba a gareji, kai kuma ka riga ka karanta ta farko a gaban mutane, har sau biyu.

Kawu, waccan maganar ba gaskiya ba ce. Ba ƙarya na yi ba, rashin sani ne. Ni ce nake mayar da agogonka kowace safiya kafin in rubuta daidai, ban san ba a yi ba. In ta biyun ta iso za ka ga bayani.

Yanzu mun auna shi yadda ake yi. Mako guda ina wana shi kawai, ban ja kunnen ba. Rigingine gudu yake. Rub da ciki gudu yake. A gefe gudu yake. Minti ɗaya da 'yan kai yake ƙarawa kowace rana. Sauran agogunan tiren da sakan ake maganarsu, naka da minti.

Mai Agogo ya buɗe na'urar nan saboda kai. Ana ɗora agogo a bakinta, ta saurari bugunsa, ta dinga ɗiga tawada a wata siririyar takarda. In agogo yana daidai, ɗigon sai ya tafi a miƙe kamar tururuwa a layi. Naka hawa yake yi kamar matakala, ya ƙure gefen takardar ya dawo ta ɗaya gefen ya sake hawa. Na yanko maka guntu na sa a ciki, ka gani da idonka.

Don haka takarda mai hatimi da za ta ce daidai yake, babu ita. Ka koma ka ce musu 'yarka ce ta yi shirme, sabuwar zuwa ce. Ka kira ni duk abin da kake so a gabansu, zan ɗauka. Kuma ni a ganina wannan ma wanke ka yake yi. Tela ya ce da gangan ka yi. Ba da gangan ba ne. Takwas ka gani a hannunka, takwas ka rufe.

Taka,
Mai Musu

*

Ke,

Muna lafiya. Takardunki biyu sun zo rana ɗaya, da guntun takardar tururuwarki.

Yarinyar da ko aji huɗu ba ta gama ba, wata biyu a shago, ita ce za ta gaya mini agogona yana ƙarya. Agogon da malamai suke tsayawa a bakin ƙofa su daidaita nasu da shi tun ba a haife ki ba. Ku kuka jagwalgwala shi, ko hanya ta jijjiga shi a cikin safa. Jiya kin ce daidai, yau kin ce gudu. Gobe me za ki ce?

Ni na san yadda nake riƙon kayana. Kowace Lahadi da safe ina daidaita shi da ƙarar rediyo. Ko na ɗan mayar da shi baya, wane agogo ne ba a mayarwa? Ba ya kwana a ƙasa, ba ya kwana a ƙura. A kan sabon rediyon da yayanki ya kawo mini bara yake kwana, daidai kan lasifika inda yake da faɗi, a kan hankici.

Kin ce wannan wanke ni yake yi. Kin san abin da kike faɗa kuwa? In agogon ya yi gaba, to yarinyar nan ta zo a kan lokaci. Ta riƙe ƙarfen ƙofa da fensir a hannunta tana ce mini Baba don Allah, ni kuma ina nuna mata hannuna ta tsakanin ƙarafa, ina ce mata doka ce. Shekara uku tana karatun wannan rana. Wannan kike so in je in tsaya in faɗa?

Innarki a kan maganata ta bar ki kika tafi, a gidan 'yata kike kwana, abokina ya ɗauke ki don ni. In takardar da na nema ba ta biyo direba ba, zan ce wa Innarki na janye hannuna, in ce wa Yayarki ta haɗa miki kaya. Shi ma abokin nawa na rubuta masa.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka ko ba ka amsa ba. Ina gaida Gwaggo. Da fatan ƙafar ba ta tashi ba saboda ɓacin rai. Mu lafiya, Yaya ta karanta taka ta rasa inda za ta sa kanta, na ce mata ba ruwanta.

Na karanta takardarka ban yi kuka ba. To na yi, amma a bayan shago, kuma na wanke fuska kafin Dogo ya gani.

Gaskiya ne ban gama aji huɗu ba. Amma na iya karanta abin da ka rubuta da hannunka. Ka ce kowace Lahadi kana ɗan mayar da shi baya. Nawa kake mayarwa, Kawu? Ba ka ƙirga ba. Ni ma ban ƙirga ba. Ka gan shi a karkace ka gyara, ka ce daidai. Aikin da na yi mako guda aka yi mini dariya, shi kake yi tun bara, kai ba Dogo a kusa da zai yi maka dariyar. Jininmu ɗaya, ban ga abin musu ba.

Na karanta wa Mai Agogo wurin rediyon, don in nuna masa yadda kake kula da kayanka. Sai ya ce in sake karantawa. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan abu mai allura a ciki, irin mai nuna arewa. Ya kawo agogon Dogo kusa, allurar ko motsi. Ya kawo naka, sai ta juyo tana bin sa duk inda ya yi, kamar ɗan akuya ya ga uwarsa. Ya ce akwai maganaɗisu a cikin lasifika, shi ya kama agogon. A ciki akwai wata waya siririya kamar gashi, a nannaɗe, tana buɗewa tana rufewa, ita ke riƙe da saurinsa. In maganaɗisu ya kama ta sai ta manne da kanta ta gajarta, agogo ya kama gudu. Hankici ba ya tare shi. Ba hanya ba ce, ba mu ba ne, ba kuma tsufa ba ne. Ya ce injin agogonka ya fi na mutane da yawa lafiya. Daga Lahadi da safe zuwa Alhamis ɗin jarrabawa, ka lissafa da kanka, malamin lissafi yana kusa. Ni na samu kusan minti biyar.

Yanzu ga abin da ba za ka so ba. Abokinka yana son ka. Takardarka ta dame shi, ya yi ta juya ta. Ya ce cire maganaɗisu ba komai ba ne, akwai ɗan akwati, a ɗora a danna, shi ke nan. Ya ce zai cire, mu auna mako guda, in ya tsaya daidai ya rubuta daidai ya buga hatimi, kuma ba ƙarya ya yi ba tunda ranar da ya rubuta daidai ɗin yake. Har ya jawo akwatin.

Ban san lokacin da na kifa hannuna a kan agogon ba.

Na ce: "Baba, wannan ai jan kunne ne. Kai ka ce a bar agogo ya yi laifinsa a rubuta."

Ya ce: "Shagon nan na wane ne?"

Na ce: "Naka ne, hatimin ma naka ne. Amma katin ni na rubuta, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa."

Dogo ya sunkuyar da kai kamar yana neman ɗan ƙarfen nan da na ɓatar. Mai Agogo ya ce dama an gaya masa sunana Mai Musu, bai san har da mai gida ake yi ba. Kwana biyu bai ce mini ko sannu ba, da yatsa yake nuna mini abu. Ran na uku ya zauna ya rubuta takarda ya buga hatimi ya tura mini ta kan tebur. Ga ta nan a ciki. Ta ce an auna agogon mai gadi yadda ya zo, yana ƙara minti ɗaya da 'yan kai a rana saboda maganaɗisun da ya kama shi, kuma mai shi ba zai gane ba sai ya auna.

Maganar yarinyar, ba zan ce maka a'a ba. E, ta zo a kan lokaci. Na daɗe ina ganin ta a idona da fensir ɗin nan. Amma takardar da kake so, me za ta ce a kanta? Za ta ce ta makara kuma ta yi ƙarya. Ta rasa jarrabawa, sannan mu haɗu ni da kai da hatimi mu ƙwace mata gaskiyarta. Ni ban da hannu a wannan. Ƙofar ba da saninka ka rufe ba. Wannan kuwa da saninka ne.

Kaya kuma ba zan haɗa ba. In Yaya ta ce in fita don ta bi maganar ubanta, ba zan ji haushinta ba, matar da ke share ofisoshin saman shagonmu ta ce akwai wuri a ɗakinta. In ka turo direba ya ɗauke ni, ka ce ya zo da igiya, don sai dai ya ɗauke ni da tebur. Na fara gane aikin nan, Kawu. Na fara jin wanda ke ɗingishi da kunnena tun ba a ɗora shi a na'ura ba. Kai ka kawo ni, na gode har abada, amma ba zan biya ka da wannan ba.

Agogonka yana nan yadda ya zo, ba a cire masa komai ba, ko kwamiti za su so gani. Sai abin da ka ce.

Taka duk da haka,
Mai Musu

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi ko ka ba shi saƙo na baka, ya ce ko kallonsa ba ka yi ba. Innarmu ma shiru. In fushi ne, na ji. In ciwo ne, a gaya mini, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Ina nan. Jakata tana ƙarƙashin gado babu komai a ciki. Yaya in ta ji mota ta tsaya a ƙofa sai ta dube ni, ni kuma in ci gaba da abin da nake yi.

Tiren da na ɓata ya fita, tara an ba masu su, uku sun koma tebur, ɗaya daga ciki gyaran Dogo ne, kallonsa kawai na yi. Jiya Mai Agogo ya ɗage ƙyallen na'ura ya ce in ɗora da kaina.

Naka ina wana shi kowace safiya ina rubutawa. Yanzu ya fi mu da sama da rabin awa. Shi har ya tashi daga aiki mu muna nan zaune.

Ban canza magana ba.

Mai Musu

*

Zuwa ga Mai Musu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ba ciwo ba ne. Ƙafar tana nan yadda kika san ta.

Na ajiye takardar abokina a ƙarƙashin matashi kwana da kwanaki. Gwaggonki ta ce ko in kai ta ko in ƙone ta, ta gaji da jin ta tana ƙara in na juya. Na kai. Na miƙe a inda na miƙe wancan karon, na sa tabarau, na karanta. Sau ɗaya. Na ba su guntun tururuwar suka yi ta miƙa wa juna.

Sun rubuta wa ofishin jarrabawa a bar yarinyar ta zauna da na gaba. Ba a amsa ba tukuna. Makullin ƙofa sun ba wani yaro mai agogon batir, ni sun mayar da ni ɗakin ajiyar kaya, ni da kujeru masu ƙafa uku. Ba wanda ya sake cewa da gangan na yi.

Na je shagon tela da ƙafata. Bai ce in zauna ba. Na faɗi abin da na je faɗa a tsaye. 'Yar ce ta kawo mini ruwa.

Rediyo yana saman kabad, Gwaggonki ba ta ko gaishe shi.

Ban ce kin kyauta ba. Bakinki ya yi kaifi, kuma maganar igiya da tebur ba maganar da ake yi wa babba ba ce. Za mu yi ta in mun haɗu.

Ki ce wa abokina ya cire abin nan daga agogona. Awon kuma ke za ki yi, ba shi ba, ba Dogo ba. Rigingine, rub da ciki, kowane gefe, ki rubuto mini abin da kika gani ko mene ne. Hannuna ba komai, sai in ta duba fatar wurin kamar wawa.

Innarki ta zo jiya tana tambaya yaushe za a ɗauko ki, wai ta ji ƙishin-ƙishin. Na ce mata sai kin gama da agogona. Na kuma ce mata tsohon agogo ne, kada ta sa rai kwana kusa.

Kawunki